Taba Mai Cin Caji

Yanzu har Talata Mafara an samu tabar da sai an yi mata caji. A jona ta gefen waya, a zuƙa, hayaƙi ya fito da ƙamshin kankana. In an ɗauke wuta, mashayi ya tuba zuwa a kawo.

To, mai raka Baba asibiti Indiya ya bar ta gida. Tun 2019 suka hana shigar da ita. Sigari mai warin nan kuwa yana shagunansu lafiya lau. Laifin dai na kankana ne.

Dattawan Bakura da Maradun sun ce Allah ya ƙara. Su ma duk shekara a wajen bitar maniyyata ana ja musu kunne kan kai goro Saudiyya. Suna gyaɗa kai, baki jawur.