Mushe Sikoloji ya dawo daga Yamai

Taubashi! Tun ƙurar motarka ba ta kwanta ba labari ya iso mana Maraɗi, wai ka dawo Tibiri da lisansin sikoloji daga Jami'ar Abdou Moumouni, kuma tun ranar ba wanda ya isa ya yi tari a gidan gwaggo ba ka fassara shi ba. Yaro ya ƙi tuwo, ka ce damuwa ce. Tsoho ya manta inda ya aje carbi, ka ce akwai abin da zuciyarsa ke ɓoyewa. Bagobiri da taurin kai, ga shi an ƙara masa da takarda. Allah ya kyauta.

Duk wannan da na haɗiye, sai na ji abin da ka faɗa kan gwaggo. Wai ka karanta a wurin John Bowlby, Baturen Ingila, cewa yaro na buƙatar shaƙuwa da uwa, kuma tun da ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta hira da kai gaban mutane, to an tauye ka tun kana goye. Haba bawana! Kai fa ɗan fari ne, abin nan alkunya sunansa. Matar da ta sayar da tumakinta biyu don kuɗin motarka, ta bi dare ta damƙa wa babana ya ba ka don kada a ce ta kula da kai, ita ce ba ta shaƙu da kai ba? Bowlby bai yi ƙarya ba, yaran Landan da aka raba da iyayensu ya duba. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth kuwa sai da ta je Uganda a 1954, ta zauna cikin gidajen mutane ta ga yadda mata ke reno. Kai ko bakin ƙofar gwaggo ba ka tsuguna ka tambaya ba.

Ka tuna daren da na tambaye ka a fada, ana jiran shayi na biyu, mene ne mutum a ilimin naku? Ka yi ta sosa ƙeya. Ban ga laifinka ba, malaman naku ma ba su shirya ba. Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus a 1879, yana auna saurin ji da gani, yana sa mutane su faɗi abin da suka ji a ransu. A 1913 John Watson na Amurka ya ce a bar zancen rai, abin da ido ya ga mutum na yi shi kaɗai ake iya aunawa, daga baya ya jingina da karen Pavlov mai dalalar da miyau. Wannan kam na gaskata, don na gwada a kanka: a buɗe kwanon kwaɗon zogalen Jiratawa ko a bayan katanga ne, sai ga ka da sallama. Freud ya ce linzamin mutum na can ƙasan zuciya inda shi kansa ba ya gani. Carl Rogers ya ce a saurari mutum, shi ya san inda ke masa ƙaiƙayi. Malik Badri, ɗan Sudan, ya fito da littafi a 1979 yana tambayar Musulmin da ke wannan fage ina suka baro ruhi, alhali Imam Gazali ya daɗe da yin bayanin zuciya da ruhi da nafsu da hankali. Kowanne da abin da ya ɗauka mutum ne, kuma daga nan maganinsa ke fitowa.

To kai wanne ne naka? Da safe almajirin Pavlov, da la'asar na Freud, ranar Juma'a ka sa babbar riga ka koma na Badri. Mai tallar magani a tasha ma ya fi ka tsayawa kan magana ɗaya.

Abin da ya fi ba ni dariya, ka yi tafiyar fiye da kilomita 600 don ka karanta da Faransanci abin da ake yi da goge a bayan gidanku. Wata Bafaranshiya, Jacqueline Monfouga-Nicolas, nan kwarin Maraɗi ta zauna cikin ƴan bori, ta fitar da littafi a kansu a 1972. Shugabannin ƴan bori kuwa, Inna tana Tibiri, Iya tana Maraɗi, tun kafin a haifi Freud ake kai musu wanda ya faɗi. Ba girka nake tura ka ba, kada gwaggo ta tsine mini. Amma in mace ta daina barci ta daina magana a Jiratawa, wani zai ce a kai ta likita, wani ya ce malam ya yi ruƙiyya, wata tsohuwa ta yi raɗa ta ce mutanen ɓoye ne. In ba ka san abin da kowannensu ke nufi ba, da wa za ka yi magana? Thomas Lambo ya gane haka a Aro ta Abeokuta tun 1954, ya zaunar da marasa lafiya cikin ƙauye tare da danginsu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Henri Collomb ya bi irin wannan hanya a asibitin Fann da ke Dakar. Su da suka fi ka gemu ba su raina tabarmar mutane ba.

Gaskiya muna son irinku, ko da Gobirawa ne. Ka zo Lahadi da lisansin naka mu gani, lissafin shara kuma mu bar shi sai watan cika-ciki. Tun da ka ce babu mantuwar banza, sai ka zo da bayanin abin da ya sa kullum in an zo kuɗin sukari da ganyen shayi, kuɗinka na cikin rigar da ka bari a Tibiri.