Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Lambar Tabbatarwa

Ranki ya daɗe,

Da fatan kina lafiya a duk inda kike maƙale tsakanin sama da ƙasa. Ina rubuto miki ne daga Kamlin a jihar Jazira ta Sudan, a bakin Shuɗin Nilu, a madadin duk wanda ya taɓa ƙura wa waya ido yana jiran isowarki.

Hajiya, mun san darajarki. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 takardar kuɗi ta yi wuya a Jazira, ciniki ya koma cikin waya. Mai albasa ba ya sakin buhu sai ya ga shaidar biya a fuskar waya. Ke ce mai gadin ƙofa: ba a shiga asusu sai da izininki, ɓarawo ma yana shakkarki. Wannan mun gode.

Kukanmu ɗaya ne, gaggawa. Sai a ce an turo ki, a kunna agogo, ki tsaya shan shayi a hanya. Kafin ki iso wa'adi ya cika. Idan aka nemi wata, sai ku faɗo tare ke da ƙanwarki, a rasa wace ce mai rai. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa a ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yi shekaru a hanyar Makka, wasu suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. Jikokin masu wannan haƙuri ne kike ba daƙiƙoƙi ƙalilan?

Ki tuna Fabrairun 2024, lokacin da shabaka, wato sabis ɗin waya, ta ɗauke a kusan duk Sudan. Mutane suka riƙa biyan kuɗi don su hau Starlink na awa guda. Intanet ta samu, manhajar banki ta buɗe, ke kuwa kika ce ba kya bin tauraron ɗan'adam, sai ta layin waya, alhali layin ne ya mutu. Kuɗin mutum na gabansa, yunwa na bayansa.

Ga kuma Baba, wanda ya tsufa a hawasha, wato gonarsa, yana ban ruwan auduga, idonsa ya yi rauni. Sai ya fita daga manhaja ya buɗe saƙo, ya haddace ki, ya koma ya rubuta. Da ya gaji sai ya miƙa wa yaron shago wayar. Sirrin da aka ɗauke ki aiki ki tsare, da hannunki kika bayar.

Ba fa son rai muke faɗa ba. Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C, kan sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, sun ce tun 2008 a ba mai amfani da shafi isasshen lokaci. Bugun Oktoban 2023 ya ƙara da cewa kada a dogara da hadda ko kwafa da hannu kaɗai wajen tantance mutum.

Don haka ki isar wa iyayen gidanki da roƙonmu. Su ƙara miki wa'adi. Su rubuta ki da manyan baƙaƙe. Su bari waya ta cike ki da kanta, su kuma buɗe wata hanyar don ranar da layi ya mutu. Kafin su saki sabuwar manhaja, su gwada ta a tsohuwar waya, a hannun tsoho, a ƙauyen da shabaka take sanda ɗaya.

Allah ya ba ki saurin ƙafa. Wassalam.

Naki mai jira,
Wani manomi daga Kamlin