Salatif a Goshin Waya

Tun da ƙanin matata ya sauke littafin Stieg Larsson, The Girl with the Dragon Tattoo, gidana ya koma ofishin tsaro. Ranar Talata ya shigo, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ɗauki wayata ya kifa a kan tabarma. "Yaya, ka san ana kallonka kuwa?" Tuwo fa nake ci. Wane mai kutse ne zai bar aikinsa a Suwidin ya zauna kallon yadda nake yanko loma?

Yanzu Lisbeth Salander ce malamarsa, yarinyar cikin littafin da ke shiga kwamfutar mutane ba sallama. Ya manna wa kyamarar wayarsa salatif, baƙin nan na masu gyaran wuta. Hujjarsa, wai a 2016 an ga hoton Mark Zuckerberg da salatif a kyamarar kwamfutarsa. An gani, ba musu. Sai dai shi Zuckerberg Facebook gare shi, nawa kuwa bashin mai shayi gare shi. Salatif ya fara daga kyamarar gaba, ya zagaya ta baya, ya gangara kan makirfo, har in ka kira shi sai ka ji kamar daga cikin randa yake amsawa. Rana na yin zafi danƙon ya narke, ya bar masa baƙin tabo a kunci. A wurin ɗaurin aure sai ya ɓare salatif ɗin ya ajiye a gefen hula, ya ɗauki ango hoto, ya mayar. Har mai shago ya tambaya wane kamfani ne salatif ɗinsa ya fi riƙe sirri.

Wannan gwanin dai shi ne zai tsaya gaban mai POS, jama'a cike, ya miƙa kati ya ɗaga murya: "Danna shekarar haihuwata, ai ka sani." Irinsu ne ake kira a ce daga banki ne, a karanto lambar da ta shigo yanzu, su karanto dalla-dalla har da godiya. Kuɗin adashin mata nawa suka salwanta ta haka? Ɗan damfara bai damu da kyamararka ba, bakinka ya ishe shi. Wannan kam ba ya ba ni dariya.

Ga kuma ƙarin haushi: ina tsakiyar littafin ya ce mini Harriet, wadda ake nema tun 1966, tana nan da ranta a Ostiraliya tana harkar tumaki. Mai tsare sirri ke nan. To, ku ma yanzu kun sani. Larsson ya rasu a 2004, littafin ya fito a 2005, bai kai ga haɗuwa da irin waɗannan masu karatu ba.

Ni abin da ma ya fi tsaya mini a littafin nan, ba wanda sabis ke yanke wa, ba wanda cajinsa ke ƙarewa ana tsakiyar kutse. Salander ta kwashe dukiyar attajiri Wennerström daga asusu zuwa asusu, ko sau ɗaya ba a ce mata ta sake gwadawa ba. Jiya na tura wa mai nama dubu biyu, an cire a nawa, ba ta shiga nasa ba, ya riƙe tsiren har ya huce, kuma har yanzu cewa ake in jira awa ashirin da huɗu.