Yadda Za Ka Yi Arziki da Tsayuwa a Ciyawa

Idan kana neman sana'ar da za a biya ka miliyoyin daloli kana tsaye a ciyawa, hula a ka, ido a sama, Amurka ta tanadar maka ita a wasan besbol. Kowace ƙungiya tana tura mutum tara fili. Shida suna kusa da mai bugu, inda ake ta hidima. Uku kuma a tura su can baya wajen katanga, ɗaya hagu, ɗaya tsakiya, ɗaya dama. Su ne masu tsaron bayan fili, kuma aikinsu a takarda shi ne cafke ƙwallon da aka buga ta yi nisa. A aikace kuwa, cikin wasan da ke cin kusan awa uku, sau biyu ko uku ƙwallo za ta neme ka, wata ran ma ko sallama ba za ta yi maka ba. Duk wanda ya ce maka gudu da ƙarfin damtse ne jarin wannan sana'a, rabin zance ya faɗa maka. Jarinta jira ne, kuma daga ranar shiga har ranar karɓar kuɗin ƙarshe, jiran ne kawai ke sauya riga.

Fara da zaɓar wurin haihuwarka da kyau. In a Amurka ko Kanada aka haife ka, sai ka gama sakandare ko ka yi shekara uku a jami'a, sannan ka zauna kusa da waya ranar da ƙungiyoyi ke rabon matasa. An fara wannan rabo a 1965, kuma wanda aka soma ɗauka, Rick Monday, mai tsaron bayan fili ne. Tun 2021 zagaye 20 ake yi, kuma ba a tambayarka garin da kake so. In kuwa a Jamhuriyar Dominikan ko Benezuwela ka faɗo, tun kana shekara 16 za a iya ɗaukarka. Ronald Acuña ya sa hannu da Atlanta a 2014 kan dala 100,000, Juan Soto kuma da Washington a 2015 kan dala miliyan 1.5.

Kada ka yi saurin yanka rago. Wanda aka ɗauka ba babbar gasar MLB yake zuwa ba, ƙananan gasanni ake jefa shi: ƙungiyoyi 120 a mataki huɗu, ban da na 'yan koyo da ke ƙasa da su. Nan za ka san kujerar bas fiye da gadonka, kana yawo tsakanin garuruwan da Amurkawan kansu sai sun duba taswira. Kafin yarjejeniyar 2023, mafi ƙarancin albashi a matakin ƙasa dala 11,000 ne a shekara. Yarjejeniyar ta kai shi 26,200 a 2023, na matakin sama kuma 35,800. A can sama, ƙungiyoyi 30 ne, kowace da gurbi uku, wato kujera 90 ke nan, kuma babu mai niyyar tashi. Wani zai ce ai mai baiwar jiki ba ya bin layi. To, a 1994 Michael Jordan, wanda duniya ta sallama masa a ƙwallon kwando, ya tsaya bayan fili a ƙungiyar Birmingham Barons, mataki na biyu daga sama. Ya buga wasa 127, cikin kowane bugu goma biyu kawai yake ci, ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau uku. Shekara na zagayowa ya koma inda aka san darajarsa.

Sai batun gora. Safar fata ce a hannunka, amma da gora ake auna ka, domin mai tsaron baya shi ma yana shiga layin bugu sau huɗu ko biyar a wasa. Masu son tarihi za su taso da Willie Mays da cafkar da ya yi ta bayan kafaɗa a 1954, ko Roberto Clemente da kyautar safar zinare 12. Gaskiyarsu, amma a duba da kyau: Mays ya tsallake katanga sau 660, Clemente ya ci bugu 3,000. Ba don haka ba, da cafkar ba ta ajiye su shekaru a fili ba. A ɗaya gefen ga Jose Canseco, wanda a 1993 ƙwallo ta dira a tsakiyar kansa ta yi tsalle ta fice bayan katanga, aka rubuta wa abokan hamayya ci. Ba a kore shi daga sana'a ba, saboda gorarsa tana magana. Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne, bugun ma jira ne. Ƙwallo tana tahowa da gudun da ya haura kilomita 150 a awa, gwani kuma shi ne wanda ya iya ƙin taɓa wadda ta kauce. In mai jifa ya kauce sau huɗu, kyauta za ka taka zuwa sansanin farko. Da wannan rowar bugu Soto ya yi suna. Kuma ka shirya wa faɗuwa: mai cin uku cikin goma tauraro ne, rabon da a ga wanda ya kai huɗu a kaka guda kuwa tun Ted Williams a 1941.

Ranar da aka kira ka sama, kafin ka sayi mota ka sayi kalanda. Mafi ƙarancin albashi a 2024 dala 740,000 ne, amma ƙidayar kwanaki ita ce ainihin dukiyar. Kwana 172 a cikin jerin 'yan wasa shi ne shekara guda. Sai ka cika shekara uku kafin ka iya kai ƙungiya gaban mai sasanci kan albashi, sai shida kafin ka zama mai 'yancin sayar da kanka ga wanda ya fi tayi. Ƙungiyoyi ma sun iya lissafi. A 2015 Chicago Cubs ta riƙe Kris Bryant, wanda daga baya ya tsaya bayan fili shi ma, a ƙaramar gasa na 'yan kwanaki, ya ƙare kakar da kwana 171. Kwana ɗaya tak, ya ci masa shekara. Ya kai ƙara, bai yi nasara ba. Ko wannan shekara shida ma wani ne ya sha wuya aka same ta: Curt Flood na St. Louis ya ƙi yarda a sayar da shi ga Philadelphia a 1969, ya je har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972, 'yancin ya zo wa wasu bayan 'yan shekaru. In ba za ka kai ko'ina ba, yi ƙoƙari ka kai kwana 43, domin daga nan fansho ke fara hawa kanka. Kada ka zama Moonlight Graham, wanda ya tsaya dama a wasa ɗaya a 1905, layin bugu bai zo kansa ba, ya koma aikin likita a Minnesota.

Za a ce Soto yana shekara 19 ya shiga babbar gasa, ina jiran yake? Ga shi: a 2022 Washington ta miƙa masa dala miliyan 440, ya ce a kai kasuwa, a Disambar 2024 New York Mets ta ba shi miliyan 765 na shekara 15. Aaron Judge ya ƙi miliyan 213.5 a farkon 2022, ya tsallake katanga sau 62 a kakar, ya karɓi miliyan 360. Sai dai akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, wato jira caca ce da gwiwa. Acuña bai jira ba, ya karɓi miliyan 100 a 2019, aka yi ta cewa ya sayar da kansa da araha. Jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke a 2021, ta hagu a 2024, kuɗinsa kuwa bai girgiza ba. Wannan bai rushe maganar ba, ya dai nuna farashinta: ƙungiya ta san jira yana da ciwo, shi ya sa take saye shi daga hannun matashi da rangwame.

Tsufa a nan yana da hanya sananniya. Ƙafa ta yi nauyi, a ɗauke ka daga tsakiya zuwa gefe. Hannu ya yi sanyi, a kai ka hagu. Daga nan sai sansanin farko, sai kuma matsayin mai bugu kawai, inda za ka jira a benci a inuwa. In lokacin sallama ya yi, ka tuna da Bobby Bonilla. Mets ta sallame shi a 2000 yana bin ta dala miliyan 5.9, ya yarda a jinkirta biyan da ruwa a kai. Tun 2011, duk ranar 1 ga Yuli ana tura masa kusan dala miliyan 1.19, kuma haka za a ci gaba har 2035, lokacin yana shekara 72.