Daga Gilasgo zuwa ga bawana na Tsamiya

Taubashi, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da babur ɗinka, wanda kowa ya san ya fi iyalin samun kulawa. Ka gai da Inna, ka gaya mata yajin da ta aiko ya iso, har ya sa wani Bature maƙwabcina hawaye yana godiya.

Ka ce in ba ka labarin bodar ƙasar nan. To, ka zauna tukuna. Na shiga mota na nufi kudu, inda Sikotland ta haɗu da Ingila. Babu shinge, babu katako mai ƙusa, babu mai cewa a buɗe buhu. Allo ne kawai a gefen titi yana yi maka maraba. Kuɗin ma fam ne gaba da baya, sai dai bankunan Sikotland na buga tasu takardar. Kai da ka haddace kowace ɓarauniyar hanya tsakanin Tsamiya da Segbana tun rufe boda na Agustan 2019, ka zo nan sana'arka ta mutu, domin ba wanda za ka ɓuya wa, ba kuma mai canjin sefa da za ku yi musu.

A wannan yanki na shiga garin Selkak, na tarar da mutum-mutumin Mungo Park tsaye a tsakiyar gari. Ɗan wajen ne, an haife shi a 1771. Shi ne ya gangaro kogin Kwara da jirginsa a farkon 1806, ya wuce ƙasar Illo, ya bi ta inda gadar Tuga take yau, ya kai Yawuri, ya rasu a Busa, wadda ruwan Kainji ya shanye a 1968. Wani dattijo ya ce mini mutuminsu ne ya gano kogin. Na ce masa lokacin da ya iso, Sarkawa sun riga sun gaji da kamun giwan ruwa a ciki. Ya yi dariya har ya riƙe bango, ya saya mini shayi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutanen nan suna da algaita. Jakar fata ce mai busa ke maƙalewa a hammata, kara uku sun haye kafaɗarsa suna gurnani ba fasawa, ɗaya yana hurawa, ɗaya mai ƙofofi yana wasa da yatsu a kai. Mai algaitarmu a kumatu yake tara iska, shi ya sa ba ka jin inda ya numfasa. Su kuwa sai suka cire kumatun suka rataya a hammata. A watan Agusta ake gasar duniya ta masu wannan busa a wani fili nan Gilasgo. Da aka haɗa su da makaɗan ganga suka tashi gaba ɗaya, wallahi tsigar jikina ta tashi, na ji kamar hakimi zai fito hawan salla.

Kuma gado ne, taubashi. A tsibirin Sikai akwai gidan Makrimon, waɗanda suka yi ta busa wa sarakunan dangin Maklawud, uba ya bar wa ɗa. Akwai taken taro, akwai na yabo, akwai na makoki in babba ya faɗi. Da baki suke koyar da shi a da, malami ya rera, almajiri ya maimaita, kafin a taɓa kara. Ka gaya mini, wane maroƙin fada ne a ƙasar Kabi zai ji wannan ya ce baƙo ne?

Masu busan buje suke ɗaurawa, mai ƙyalle iya gwiwa, kowane dangi da zanensa, ga safa ga ƙaramar wuƙa a soke cikinta. Ƙarti ne fa, irin masu ɗaga gungumen itace su wuntsila shi a wasanninsu. Na so in sayo maka, sai na tuna ƙwaurinka, na tausaya wa mutanen kasuwar Tsamiya. Abincin alfaharinsu kuma hanta ce da zuciya da huhun tunkiya, a daddatsa da hatsi da albasa a cusa cikin tumbi. Ranar 25 ga Janairu, don tunawa da mawaƙinsu Robert Burns, da busa ake shigo da shi, a tsaya a yi masa kirari kafin a yanka. Da kai ne, kafin a kai rabin kirarin ka suɗe kwanon.

Abin da ya fi taɓa ni a Jami'ar Edinbura na gan shi. Tun 1951 suka buɗe sashe, suka bi ƙauyuka da na'ura suna ɗaukar muryoyin tsofaffi: masunta, makiyaya, mata masu waƙar aikin saƙa, har cikin harshensu na Galik da ya ragu ƙwarai. Yau jika na iya zama ya ji muryar kakarsa. Sai na tuna Kyanganci, da yadda jikokin masu shi suka koma Hausa da Dandanci, na tuna tsohon nan mai goge na bayan gidanmu da hannunsa ya fara rawa.

Don haka ga aiki, bawana. Wayar nan da na aiko maka, wadda ka cika da waƙoƙin Gambu saboda dalilin da ni da kai muka sani, ka nema mata wuri. Ka je wurin tsohon da goro da ɗan abin shan fura, zan biya. Ka bar shi ya goga abin da ya ga dama, kada ka sa baki da muryar nan taka. Ka tambaye shi wa ya koya masa, wane take na wane ne, ka ɗauka duka. In ka gangara bakin ruwa ka yi wa masunta haka, sannan ka zauna da Inna ta yi maka waƙoƙin daka da na raino. Ka turo mini ta WhatsApp, kuma ka ajiye wani a wayar ƙaninka, don na san yadda kake faɗawa ruwa da kaya.

In wani zai taho, a haɗo mini da daddawa da kuka, a ɗaure su sosai. Maganar kuɗin shara kuma tana nan, sai na ji goge tukuna.

Ubangidanka,
na Gilasgo.