Dabarun Kama Kujerar Bakin Murhu a Mashayun Ingila

Mashayar Ingila, wadda 'yan ƙasar ke kira pub, ta fi armashi daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. A Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma a tsakiyar Disamba rana kan faɗi a Landan tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba. Ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa, ga iska mai ratsa ƙashi. A irin wannan yanayi jama'a kan nufi ɗaki mai ɗumi, inda itace ke ci a murhu, kwanon abinci na tururi. Giya ce asalin sana'ar gidajen, amma da yawansu a yau tukunya ce ke riƙe da su, kuma wanda ba ya sha zai samu shayi, kofi ko lemo ba tare da kowa ya yi masa kallon banza ba.

Binciken gida yana farawa tun daga waje. A ɗaga kai a dubi bututun hayaƙi: in yana hayaƙi, wutar ciki ta gaske ce. Akwai gidajen da ke ajiye murhun lantarki mai hoton harshen wuta, wanda ido kan yarda da shi amma tafin hannu ya ƙaryata. Zakara a wannan fage shi ne Warren House Inn da ke tsaunukan Dartmoor a yankin Devon, inda ake cewa wutar murhun ba ta mutu ba tun 1845. Tsufan gini ma alama ce mai kyau. Ye Olde Cheshire Cheese da ke titin Fleet an sake gina shi a 1667, shekara guda bayan babbar gobarar Landan, kuma marubuci Charles Dickens ya sha zama a ciki. Ye Olde Trip to Jerusalem na Nottingham, wanda aka sassaƙa wasu ɗakunansa cikin dutsen da ke ƙarƙashin fadar garin, ya rubuta 1189 a bangonsa a matsayin shekarar kafuwarsa. Wasu gidajen na jayayya da shi kan wanda ya fi tsufa, kuma bai kamata baƙo ya shiga wannan shari'a da yunwa a cikinsa ba. Dogon mutum kuwa ya riƙa sunkuyawa, domin katakon rufin irin waɗannan gidaje ya fasa goshin manya da yawa.

Kujerar bakin murhu ita ce ganimar da ake fita nema, kuma sammako ke bayar da ita. Abokan hamayya biyu ne. Na farko dattijon unguwa ne da ya shekara da shekaru yana zama a wuri ɗaya, har kujerar ta ɗauki siffar bayansa. Wannan gaishe shi ake yi a nemi ta kusa da shi. Na biyu kare ne, domin mashayun ƙauye da yawa suna barin a shigo da karnuka, kuma ba a taɓa jin wanda ya kori kare daga gaban wuta ya zauna lafiya da mutanen gidan ba. In an dace da kujera, a rataya mata kwat da mayafin wuya, su ne shaidar mallaka. A kuma rage kayan jiki kafin a zauna. Wanda ya zauna dab da wuta da rigar sanyi uku zai riga naman da ya saya gasuwa.

Daga nan sai oda, inda baƙi suka fi shan wahala. A yawancin mashayu babu mai zuwa tebur ya tambayi abin da ake so. A kan duba lambar tebur, a je kanta, a faɗi abinci, a biya, a dawo. Ba a ganin layi a gaban kantar, amma mai sayarwa ya san wanda ya riga wani zuwa. Tafi, kaɗa kuɗi a sama ko kiran "kai, zo nan" ba sa ƙara wa oda sauri.

Gidan da ke girki da gaske jerin abincinsa gajere ne, galibi an rubuta shi da alli a allo, ana gogewa in wani abu ya ƙare. Wanda ya jera abincin Indiya da na Italiya da na Meziko a takarda ɗaya, firinji ne babban kukunsa. Salon mashaya mai girki na musamman ana danganta farkonsa da The Eagle a unguwar Farringdon ta Landan, a 1991. Abin ya bunƙasa har The Hand and Flowers na garin Marlow, gidan kuku Tom Kerridge, ya zama mashaya ta farko da ta samu taurarin Michelin biyu, lambar yabon gidajen abinci, a 2011. Can ba a zuwa kai tsaye, sai an kama wuri tun da nisa.

Sarkin abincin hunturu shi ne gashin ranar Lahadi: yankakken naman sa, gasasshen dankalin Turawa, kayan lambu, romo mai kauri, da Yorkshire pudding, wani kumburarren gashin fulawa da ƙwai da madara mai rami a tsakiya don tara romo. Da tsakar rana ake fara fitar da shi, kuma in ya ƙare ya ƙare. A bar wuri a ciki don sticky toffee pudding, kek mai laushi da ake yi da dabino.

Musulmi mai ziyara ya yi tambaya kafin ya ci. Naman galibi ba yankan Musulmi ba ne, a kan dafa wani naman sa da giya, a kan kwaɓa fulawar soya kifi da ita, black pudding kuma da jinin alade aka fi yin sa. Ma'aikatan sun saba amsa irin wannan tambaya, kuma da wuya a rasa kifi ko abincin ganye da cuku.

Mai son mashayar kan tudu ya duba hasashen yanayi. Tan Hill Inn da ke Yorkshire, a kan tudu mai tsayin mita 528, ita ce mashayar da ta fi kowace bisa a Birtaniya. A Nuwamban 2021 dusar ƙanƙarar guguwar Arwen ta rufe hanyarta, mutane wajen 60 da suka je kallon kiɗa suka kwana uku a ciki. Safa ta canji da buroshin haƙori ba su da nauyi a aljihu.

Ƙararrawar da ake kaɗawa dab da tashi ta masu abin sha ce. Kicin yakan rufe tun wajen ƙarfe tara na dare, ranar Lahadi ma kafin haka, don haka mai niyyar cin abinci ya buga waya ya tambayi lokaci kafin ya bar gida.