Majalisar LeBron a Teburin Mai Shayi

Wasan Lakers na gida yakan fara ne da bakwai da rabi na yamma agogon Los Angeles, wato wajen huɗu da rabi na asuba a nan wajenmu. Shi ya sa cikin mutum goma da ke zama a teburin mai shayin unguwarmu suna musun LeBron James, da ƙyar ka sami biyu da suka taɓa kallon wasansa tun daga farko har busar tashi. Wannan bai hana kowa zama gwani ba. Musun kuwa ɗaya ne kullum: mutumin da aka haifa a ƙarshen 1984, wanda rabonsa da kambun MVP, wato gwarzon ɗan wasan NBA na shekara, tun 2013, zai iya ƙara na biyar a kan huɗun da yake da su?

Wanda yakan buɗe fage shi ne Akawu. Bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba, amma wayarsa cike take da lissafi, kuma ba ya magana sai ya ɗaga ta sama kamar mai nuna wa ɗan sanda takardun mota. Zai faɗa maka cewa a Fabrairun 2023 LeBron ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, a Maris ɗin 2024 kuma ya haura 40,000. Duk gaskiya ne. Matsalar ita ce kambun na abin da ka yi bana ne, ba garatuti ba ne da ake biyan ma'aikaci a ƙarshen aiki. In ka tuna masa haka, sai ya sunkuya ya ci gaba da latse-latse, shayinsa na hucewa.

A ƙarshen benci Alhaji Kaset yake zama, da carbinsa da tsakinsa. Shi a kaset ɗin bidiyo ya san Michael Jordan, kuma a ganinsa tun ranar da Jordan ya bar Chicago Bulls aka rufe ƙwallon kwando, abin da ake yi yanzu guje-guje ne. Hujjarsa ba ta canzawa: Jordan ya je wasan ƙarshe sau shida, ya ɗauko kofi sau shida, LeBron ya je sau goma, ya dawo da huɗu. Abin da ya fi faranta masa rai a duniya shi ne tun 2022 kofin MVP ɗin ma sunan Jordan yake ɗauke da shi.

"To ko ya ci, kofin wa za a miƙa masa?" Sai ya gyara hula.

Wani yaro ya taɓa yin kasada. "Baba, ai Jordan ya dawo Washington Wizards a 2001 yana da shekara 38, kaka biyu ko zagayen neman kofi bai kai su ba."

Alhaji ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ɗan gidan wane ne?" Daga nan aka bar maganar ƙwallo, aka koma ta tarbiyya.

Sai Lauya, wanda bai yarda an taɓa yin zaɓe na gaskiya a doron ƙasa ba. 'Yan jarida da masu sharhi kusan ɗari ne ke kaɗa ƙuri'ar MVP, shi kuwa ya riƙe su duka a zuci. A 2011 sun bai wa Derrick Rose, yaro ɗan 22, don haushin LeBron ya gudu Miami. A 2013 mutum 120 cikin 121 sun zaɓi LeBron, guda ɗaya ya bai wa Carmelo Anthony, kuma Lauya na neman wannan gudan har gobe. A 2020 Giannis ya kwashe ƙuri'a 85, LeBron 16. "Maguɗi ne tsagwaronsa!" Ni dai ina jin daɗin Lauya, don a cikin shirmensa akwai ƙwayar gaskiya: masu zaɓen nan suna gajiya da fuska ɗaya, kamar yadda maigida ke gajiya da miyar kuka komai daɗinta. Sai dai shekara goma sha ta wuce a kira ta gajiya.

Dokta bai taɓa shiga ajin likitanci ba, kemis gare shi a bakin titi. Daga bidiyon daƙiƙa goma yake gano ciwo. "Kun ga yadda ya sauko? Gwiwar hagu ce." Amma shi kaɗai ne ya riƙe abin da ya fi yi wa tsoho illa. Kakar NBA wasa 82 ce, kuma tun kakar 2023-24 aka kafa doka cewa wanda bai buga aƙalla 65 ba, ba ya cikin lissafin kambun. Ɗan shekara arba'in kuwa hutu ne abincinsa. In ya huta don ya kai ƙarshen kaka da ƙarfinsa, doka ta fitar da shi, in ya ƙi hutawa, jiki ya fitar da shi. Gaba kura, baya sayaki. Dokta yakan rufe bayaninsa da cewa da LeBron zai samu man zafin da yake sayarwa, da an ga aiki.

Akwai Ɓatan Hanya, ɗan ƙwallon ƙafa da ya zo shan shayi musu ya ritsa da shi. Gudummawarsa ɗaya ce: Messi ya ci Ballon d'Or na takwas yana da 36, me zai hana wannan? Ya taɓa tambaya ko akwai satar gida a wasan.

Mai Kishin Gida shi bai damu da LeBron ba sam. Abin da ya sani, tun James Harden a 2018 har zuwa 2025 ba haifaffen Amurka da ya sake taɓa kambun: Giannis na Girka sau biyu, Jokić na Sabiya sau uku, Embiid haifaffen Yaoundé, sai Shai Gilgeous-Alexander na Kanada. Giannis kuwa, in ji shi, namu ne, Adetokunbo ne sunan gidansu kafin Girkawa su murɗe shi, ga kuma Hakeem Olajuwon ɗan Legas da ya ci tun 1994. Yana faɗin "namu" kamar tare suka yi makarantar allo.

In ana son ra'ayina, ba zai ƙara ba. Mafi tsufan da ya taɓa cin kambun nan Karl Malone ne, a 1999, yana da 35. LeBron na da 28 sa'ad da ya ci nasa na ƙarshe, yanzu kuwa har ya buga wasa tare da ɗan cikinsa Bronny a Oktoban 2024, kuma tun da Luka Dončić ya zo Lakers a Fabrairun 2025, a gidansa ma akwai mai raba masa ƙuri'a.

Amma kada a ɗauki maganata da nauyi, don ni ne iri na ƙarshe, wato Sa'ansa. Mu 'yan 1984 ba ma musu da ƙarfi, addu'a muke yi a ɓoye. Da aka ba shi gwarzon ƙwallon kwando a gasar Olamfik ta Paris a 2024 yana da 39, na yi kwana uku ina tafiya kamar ni aka rataya wa zinaren. A rana ta huɗu na bi yara filin makarantar unguwa, na ce su miƙo ƙwallo in nuna musu yadda ake yi. Na yi tsalle, ko in ce na yi niyyar tsalle. Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, ƙwallon ta wuce ta ƙarƙashin raga, wani ɗan ƙaramin yaro ya riƙo hannuna yana cewa, "Sannu Kawu, zauna a inuwa."

Da daddare na lallaɓa teburin ina dafa bango. Dokta ya dube ni sau ɗaya ya ce gwiwar hagu ce. Mai shayi, wanda bai san LeBron fari ne ko baƙi ba amma ya san musun na sayar masa da biredi, ya turo min kujera mai jingina, wadda Alhaji Kaset kaɗai ake bai wa, ya ce, "Yau ma a sa sukari, ko an fara ragewa?"